Tambaya da Amsa: Wane Inji da Wace Siffa Ake Jira a Ƙaramar Motar Gudu Mai Sauƙin Kuɗi?

Wasiƙun da suka shigo wannan fili a 'yan makonnin nan sun karkata ga batu guda, wato ƙananan motocin gudu marasa nauyi waɗanda mai matsakaicin ƙarfi zai iya sa ran mallaka. Dalilin a bayyane yake, domin Mazda MX-5 da ake sayarwa yanzu ta shiga kasuwa tun 2015, kowa ya san magajiyarta na tafe, kuma ana ta raɗe-raɗi a kan abin da Toyota za ta fitar bayan GR86. Na haɗa tambayoyin da suka yi kama da juna, na kuma taƙaita masu tsawo ba tare da na taɓa ma'anarsu ba.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne mai sha'awar motoci, kuma abin da ke damuna shi ne yadda kamfanonin nan suke ƙin sa wa irin waɗannan motoci turbo, wato na'urar da ke matsa iska cikin inji domin ƙara masa ƙarfi. A yau motar iyali ma tana da ƙarfin doki 250, to yaya za a kira mota ta gudu alhali ba ta wuce doki 200 ba? Ni dai idan sabuwar ta fito ba ta kai doki 300 ba, ban ga amfaninta ba.

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ba kai ne ka fara wannan ƙorafi ba, kuma tarihinsa ya cancanci a tsaya a kai. A watan Oktoba na 2009 Toyota ta nuna samfurin FT-86 a baje kolin motoci na Tokyo, tun daga lokacin masoya suka fara roƙon a sa mata turbo, musamman da yake Subaru ce za ta ƙera injin, ita kuwa Subaru ta daɗe da yin suna da turbo a motarta WRX. Da motar ta fito a 2012, da sunan Toyota 86 da Subaru BRZ, da kuma Scion FR-S a Amurka, sai aka ga inji mai lita 2.0 mai shaƙar iska da kansa, da ƙarfin doki 200 da ƙarfin murɗawa, wato ƙarfin da inji yake juya taya da shi, na Nm 205. Aka yi ta guna-guni na tsawon shekaru, babban injiniyan aikin Tetsuya Tada bai sauya ra'ayi ba, motar kuma ta kammala zamaninta ba a taɓa sa mata turbo daga masana'anta ba.

Abin da ya kamata ka fara tambaya shi ne kilo nawa kowane doki yake ja. Motar iyali mai doki 250 da nauyin kilo 1,750 tana ɗora wa kowane doki kilo 7. GR86 ta yanzu tana da doki 235 a ma'aunin Japan da nauyin kilo 1,270, wato kilo 5.4 ke nan ga kowane doki. Lotus Elise ta 1996 tana da doki 118 kacal, amma da yake nauyinta kilo 725 ne, kowane doki yana jan kusan kilo 6. Wannan lissafi ma bai faɗi rabin labarin ba, domin ƙarfin inji yana amfani ne a lokacin da ka taka totur a miƙaƙƙiyar hanya, rashin nauyi kuwa yana amfani wajen tashi da wajen taka birki da wajen shan kwana, har da wajen shan mai da cin taya.

Turbo ba ya zuwa shi kaɗai, kuma wannan ne yawancin masu roƙonsa ba sa sakawa a lissafi. Yana buƙatar na'urar sanyaya iskar da ya matsa, da bututunta, da lagireto mafi girma. Ƙarfin murɗawar da ya ƙaru yana buƙatar kuloci mai ƙarfi, da giyabos mai kauri, da aksul da zai jure, sannan gudun da ya ƙaru yana buƙatar manyan birki, manyan birki suna buƙatar manyan rim, manyan rim suna buƙatar faffaɗar taya. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana ƙara kilo yana ƙara kuɗi, kafin ka ankara motar da aka fara zanawa a matsayin mara nauyi mai araha ta zama wata mota daban. A injin Subaru akwai ƙarin matsala ta wuri, domin a wannan jerin injuna ana ɗaure turbo ne a ƙasan inji, saboda haka sai an ɗaga injin sama kafin ya samu gurbi, ɗaga injin kuwa yana ɗaga cibiyar nauyin motar, wadda aka sha wahala aka saukar da ita zuwa milimita 460 daga ƙasa.

Amma ba zan ce ƙorafin masoya duka banza ne ba, domin injin 86 na farko yana da aibi na gaske. Ƙarfin murɗawarsa yana faɗuwa a tsakiya, wajen juyi 3,500 zuwa 4,500 a minti, daidai inda direba ya fi zama idan yana son wuce wata mota. Za ka taka totur ka ji motar ta yi kamar tana shawara kafin ta farfaɗo a sama. A ganina wannan rami ne ya sa mutane da yawa suka ɗauka ƙarfin doki ne ya yi kaɗan, alhali rashin daidaiton ƙarfin ne yake damunsu. Maganin da aka kawo a 2021 cikin GR86, magajiyar 86, shi ne faɗaɗa injin zuwa lita 2.4 ba tare da turbo ba, ƙarfin murɗawa ya koma Nm 250 wanda ake samu tun daga juyi 3,700, lokacin kaiwa gudun kilomita 100 a awa ya sauka daga daƙiƙa 7.4 zuwa 6.3, ƙorafin kuma ya ragu ƙwarai duk da cewa doki 35 kawai aka ƙara.

Akwai ma gwaji da aka yi a fili wanda kowa zai iya dubawa. Daga 2016 masana'antar Mazda ta Hiroshima ta riƙa ƙera Fiat 124 Spider a kan ƙashin MX-5, amma da injin Fiat mai lita 1.4 da turbo. Motar ta fi 'yar'uwarta nauyi, ta fi ta ja a tsakiya, amma ba ta da wannan amsa ta nan take da ake samu idan an taɓa totur, kuma ƙarfinta yana ƙarewa da wuri. An daina ƙera ta bayan 'yan shekaru, MX-5 kuwa a 2018 aka ƙara wa injinta mai lita 2.0 ƙarfi zuwa doki 184, aka ɗaga iyakar juyinsa zuwa 7,500. Idan doki 300 kake so, akwai motocin da aka yi domin haka, amma sai ka yarda da nauyinsu da kuɗinsu, domin taura biyu ba ta taunuwa.

Tambaya: Ranka ya daɗe, ni bakanike ne. Na ji an ce Mazda za ta sa wa sabuwar MX-5 inji mai lita 2.5 amma ƙarfinsa ba zai ƙaru sosai ba, wannan kuwa ya ɗaure mini kai. Sannan me ya hana su dawo da injin rotari, ko su yi amfani da mai silinda uku irin na Toyota GR Yaris?

Amsa: Malam, tambayarka ta mai sana'a ce, kuma amsarta tana cikin salansa. Manyan jami'an Mazda sun bayyana a hirarraki da 'yan jarida a 2025 cewa burinsu shi ne mota mai nauyin ƙasa da tan ɗaya, da giyar hannu, da inji mara turbo daga sabon jerin da suka sa wa suna Skyactiv-Z, wanda girmansa lita 2.5 ne. Buri ne suka faɗa, ba takardar ƙayyade mota ba, saboda haka a riƙe shi a matsayinsa.

Dalilin girman injin shi ne dokar hayaƙi. Ka san cewa fetur yana ƙonewa ƙurmus ne idan aka haɗa kashi ɗaya nasa da kashi 14.7 na iska a ma'aunin nauyi, kuma a wannan haɗin ne matatar hayaƙi da ke cikin salansa take iya aikinta yadda ya kamata. Shekara da shekaru injiniyoyi suna yin wata dabara, wato idan direba ya taka totur har ƙasa sai kwamfutar injin ta ƙara fetur fiye da ƙima, domin rarar man tana sanyaya fistin da bawul da ita kanta matatar, tana kuma ba da damar matso ƙarin ƙarfi. Wannan rarar ba ta ƙonewa duka, tana fita a matsayin gurɓataccen hayaƙi, dokokin Turai da na Amurka kuwa suna ta toshe wannan ƙofa. Injin da aka hana shi wannan dabara dole ya rage zafinsa ta wata hanya, kuma hakan yana rage ƙarfin da kowace lita take bayarwa. Hanyar mayar da abin da aka rasa ba tare da turbo ba ita ce ƙara girma. Saboda haka kada ka yi mamaki idan lita 2.5 ta gobe ba ta zarce lita 2.0 ta yau da tazara mai yawa ba. Abin da nake tsoro shi ne iyakar juyi, domin manyan injuna masu silinda huɗu suna da doguwar tafiyar fistin, ba sa son hawa sama sosai. Zamanin Honda S2000 ta 1999, wadda injinta mai lita 2.0 yake kaiwa juyi 9,000 yana ba da doki 240, ba na jin zai dawo a mota mai araha.

Game da rotari, na fahimci masu begensa. Inji ne ƙarami mara nauyi wanda yake amfani da wani ƙarfe mai juyawa da ake kira rota a madadin fistin, yana juyi cikin laushi, shi ne kuma ya ba Mazda nasara a tseren Le Mans na 1991 da motar 787B. Amma ɗakin ƙonewarsa dogo ne siriri, yana zubar da zafi ta bango, yana barin fetur bai ƙone ba a lungu, kuma da gangan ake ɗiga masa baƙin mai a ciki domin shafa bakin rotar, wannan man kuwa yana ƙonewa tare da fetur. Waɗannan ne suka kori RX-8 daga kasuwar Turai a 2010, aka daina ƙera ta gaba ɗaya a 2012. Da rotari ya dawo a 2023 cikin MX-30, aikinsa juya janareta ne domin cajin batir, ba shi da wata alaƙa da taya. Samfurin Iconic SP da Mazda ta nuna a Tokyo a shekarar ma haka tsarinsa yake, rota biyu da lantarki, kuma nauyin da aka bayyana kilo 1,450 ne. Wannan mota ce ta wani aji, ba ta cikin lissafin masu neman araha.

Mai silinda uku na GR Yaris kuwa inji ne na ban mamaki, lita 1.6 da turbo, ya fito a 2020 da doki 272 a Japan, kuma gajartarsa za ta ba da damar tura shi baya kusa da tsakiyar mota. Idan Toyota ta rabu da injin Subaru nan gaba, inji irin wannan ne masoya suka fi ambata. Abin da za a rasa shi ne kwanciyar injin Subaru, wanda silindansa suke kwance biyu dama biyu hagu, tsarin da Toyota ta taɓa amfani da shi tun a Sports 800 ta 1965, 'yar mota mai silinda biyu da nauyin kilo 580.

Tambaya: Malam, ni siffa ce ta fi damuna. Duk lokacin da aka nuna samfuri a baje koli sai ka ga abu mai kyau, amma idan motar ta fito sai ka tarar an lalata ta. Sannan me ya sa ba za a dawo da fitilun nan masu buɗewa sama irin na MX-5 ta farko ba?

Amsa: Ɗan'uwa, motar baje koli ba ta da wanda take yi wa biyayya sai idon mai kallo. Ba a gwada ta da karo, ba a tambayar ko dogon mutum zai zauna a ciki, madubinta na gefe ɗan siriri ne da ba ya nuna komai, tayoyinta sun cika ramin taya har babu wurin da shakazoba za ta motsa. Misali mafi kusa shi ne Toyota FT-1 da aka nuna a Detroit a 2014, doguwa, faffaɗa, mai kwance da ƙasa. Da Supra ta fito a 2019 a kan ƙashin da ta raba da BMW Z4, an ɗauko layukan FT-1 an matsa su a jikin da ya fi gajarta ya fi tsayi, aka bar wasu ramukan iska a bodi amma aka toshe su da baƙar roba. Wannan toshewa ta fusata masoya fiye da komai, kuma ina ganin sun yi gaskiya, domin ramin da ba ya shigar da iska ƙyalƙyal banza ne a motar da ake tallarta da cewa komai nata domin aiki aka yi shi.

Abin da ya fi sauya fuskar ƙananan motoci shi ne dokar kare masu tafiya a ƙasa, wadda ta fara aiki a Turai a 2005, Japan ma ta kafa irinta. Ana gwada abin da zai faru idan kan mutum ya bugi bonet, saboda haka dole a bar tazara tsakanin bonet da ƙarfen inji domin bonet ɗin ya lotsa ya shanye bugun. Hanya mai sauƙi ita ce a ɗaga bonet, amma idan aka ɗaga shi dole a ɗaga gindin gilashin gaba, sannan a ɗaga kujera domin direba ya ga hanya, sannan a ɗaga rufi, daga nan ƙafafun motar suka fara ƙanƙancewa a ido sai a ƙara girman rim. Da haka motocin zamani suka yi ta kumbura. Toyota da Subaru sun tsira da ƙaramin bonet saboda injinsu a kwance yake. Mazda kuwa ta bi wata hanya a kasuwannin da dokar ta shafa, inda ta sa na'urar da ke jin bugu a bamba, ta harba bayan bonet sama cikin ƙiftawar ido domin samar da tazarar a lokacin da ake buƙatarta.

Fitilu masu buɗewa babu dokar da ta ambaci sunansu ta haramta, amma kaifin gefensu idan sun buɗe yana da wuyar tsallake wancan gwaji. Ban da haka suna da ɗan injin lantarki mai ɗaga su da sanduna, duk a can ƙarshen hanci inda nauyi ya fi cutar da shan kwana, suna kuma tare iska da dare. Asalin amfaninsu shi ne ɓoye babbar fitila a ƙaramin hanci, yanzu kuwa fitilar LED siririya ce, ba ta buƙatar ɓoyewa. Mazda da kanta ta yi watsi da su tun a ƙarni na biyu na MX-5 a 1998, kuma Chevrolet Corvette da Lotus Esprit, waɗanda suka fi daɗewa da su, sun rabu da su a 2004. Iconic SP ta zo da wasu 'yan ƙanana masu ɗagawa kaɗan, abin da ya tayar wa mutane tsohon bege, amma ni ba zan ɗora fata a kai ba.

Idan hotunan sabuwar mota suka fito, shawarata ita ce ka rufe ido ga ado ka dubi ma'auni. Ka duba tsawon abin da ya rage a gaban tayar gaba da bayan tayar baya, ka duba tazarar da ke tsakanin tayar gaba da ƙofa, domin ita ke nuna an tura inji baya, ka duba ko direba yana zaune kusa da tayar baya, ka kuma duba tsawon motar gaba ɗaya. MX-5 ta 2015 tsawonta milimita 3,915 ne, ta fi ta 1989 gajarta duk da jakunkunan iska da ƙarfafan ginshiƙan da aka ƙara mata, kuma wannan ya fi burge ni fiye da kowane layi da aka zana a jikinta. Bamba da fitila ana iya gyara su bayan shekara uku ko huɗu, kamar yadda kamfanoni suka saba yi, amma ma'aunin jiki yana nan har motar ta bar kasuwa.

Tambaya: Me ya sa ake sa wa waɗannan motoci ƙananan tayoyi? Ni ina ganin rim mai inci 19 zai fi yi musu kyau.

Amsa: Zai fi kyau a hoto, Malam, amma nauyin taya da rim shi ne mafi muni a jikin mota, domin shakazoba ce take fama da shi a kowane gargada, inji da birki kuma suna fama da juya shi da tsayar da shi. Toyota 86 ta farko ta zo da taya mai faɗin milimita 215 a kan inci 17, irin ta Michelin da ake sa wa wasu Prius, aka yi ta yi mata dariya. Da gangan aka zaɓe ta, domin tayar da riƙonta bai yi yawa ba tana sakin hanya a hankali kuma a gudun da bai kai na halaka ba, mai koyo yana jin abin da bayan motar ke shirin yi ta sitiyari da kujera kafin ya faru. Faffaɗar taya tana ɗaga wannan iyaka zuwa gudun da bai dace da hanyar jama'a ba.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mace ce da na koyi tuƙi da giyar hannu kuma ina son ta. Tunda duniya ta koma lantarki, shin sabuwar motar ba za ta zo da batir ba, kuma idan haka ne ina makomar kuloci?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Matsalar lantarki a wannan aji ita ce nauyin batir. Tankin MX-5 yana cin lita 45, nauyin fetur ɗin bai wuce kilo 34 ba, kuma yana raguwa yayin da kike tafiya. Batirin da zai kai ƙaramar mota nesa mai ma'ana yana kai kilo 300 ko fiye, kuma nauyinsa ɗaya ne ko cike yake ko ya ƙare. An ga haka tun a Tesla Roadster ta 2008, wadda aka gina a kan tsarin Lotus Elise amma ta kai wajen kilo 1,300. MG Cyberster, mota mai kujera biyu da buɗaɗɗen rufi da ake sayarwa yanzu, ta haura kilo 1,800, kusan nauyin MX-5 biyu ke nan. Tana da gudun tashi na ban tsoro, amma abin da masoya wannan aji suke nema daban ne. Akwai kuma matsalar wurin zama, domin batirin da aka shimfiɗa a ƙasan mota yana ɗaga kujera, alhali rabin daɗin irin wannan mota shi ne zama dab da kwalta.

Sai dai kamfanoni ba su da 'yancin yin biris da lantarki. Tarayyar Turai tana auna matsakaicin hayaƙin kabon na duk motocin da kamfani ya sayar, ta sa iyakar giram 95 a kilomita daga 2020, ta ƙara matse ta a 2025, tarar kuwa Yuro 95 ce a kan kowane giram da aka haura, a ninka da yawan motocin. Saboda haka abin da na fi tsammani shi ne ɗan ƙaramin taimako na lantarki, wato ƙaramar na'urar lantarki mai haɗa aikin sitata da na cajin batir, wadda ba ta ƙara nauyi mai yawa kuma tana zama lafiya da kuloci. Haɗa fetur da lantarki da giyar hannu ba sabon abu ba ne, Honda CR-Z ta 2010 ta yi haka da giya shida. Cikakken tsarin haibirid irin na Prius ne ba ya barin gurbin kuloci, kuma sabuwar Honda Prelude ta 2025 ta bi irin wannan hanya, ta zo ba giyar hannu. Abin da zai kwantar miki da hankali shi ne kasuwa ta nuna tana son giyar hannu a wannan aji, har Toyota ta ƙara ta a Supra a 2022 bayan ta fara fitar da motar da otomatik kawai.

Tambaya: Malam, idan rashin nauyi ne abin nema, me ya sa ba za a yi jikin da alminiyam ko zaren kabon ba? Kuma me ya sa samfura da yawa ba sa zuwa kasuwa sam?

Amsa: An yi, kuma sakamakon yana nan a gani. Alfa Romeo 4C ta 2013 tana da ƙashin zaren kabon, Alpine A110 ta 2017 alminiyam ce kusan gaba ɗaya da nauyin wajen kilo 1,100, dukansu kuwa sun fita daga ajin araha da nisa. Rage nauyi ba tare da tsada ba aiki ne na ƙididdigar giram, kuma a nan ne Mazda ta ƙware. A MX-5 ta 2015 ta rage kusan kilo 100 daga wadda ta gabace ta. Ta mayar da notin taya daga biyar zuwa huɗu, ta cire akwatin ajiya na gaban fasinja ta bar ɗan gurbi tsakanin kujeru, ta maye sifirin kujera da raga, ta bar rufin yadi a matsayin na hannu wanda direba yake turawa baya da hannu ɗaya yana zaune. Alminiyam ta sa shi ne a bonet da murfin but da fuka-fukan gaba, wato a gefunan da nauyi ya fi illa, tsakiya kuwa ƙarfe ne. Da wannan ta fitar da samfurin 990S a Japan, mai inji lita 1.5 da nauyin kilo 990.

Batun samfuran da ke mutuwa a baje koli kuwa lissafi ne na yawan ciniki. Mota mai inji a gaba da ja ta baya tana buƙatar ƙashi na musamman da ba za a ara daga motar iyali ba, kuɗin ƙera shi da gwada shi da karo kusan ɗaya ne ko za a sayar da dubu 30 a shekara ko dubu 300. MX-5, wadda ta fi kowace mota mai kujera biyu ta wannan aji ciniki a tarihi, sai a 2016 ta cika miliyan ɗaya, shekara 27 bayan fitowarta, adadin da Toyota Corolla take kaiwa a kusan shekara guda. Shi ya sa Toyota ta haɗa kai da Subaru aka ƙera 86 a masana'antar Subaru da ke Gunma, ta kuma haɗa kai da BMW a kan Supra. Nissan IDx ta 2013 da Toyota S-FR ta 2015, wadda tsawonta bai kai mita huɗu ba, sun sha yabo amma ba a ƙera ko ɗaya ba, Honda S660 kuwa an ƙera ta daga 2015 aka tsayar a 2022. Wani abin da ba a cika faɗa ba shi ne da yawa daga masu ɗaga murya suna jiran su sayi ta hannu ne bayan shekara biyar, kamfani kuwa ba ya ƙirga wannan a cinikinsa. Doka ma tana iya yanke wa mota kwana ko da ana rububinta, domin GR86 shekara biyu kawai ta yi a kasuwar Turai, aka janye ta saboda sabbin ƙa'idojin kariya da suka fara aiki a Yulin 2024, duk da cewa kason da aka ware wa Birtaniya a 2022 ya ƙare cikin minti 90 da buɗe oda.